A'ar da ta mayar da ni firamare

Shekarun baya, ranar da aka fara kai ni wata makaranta a Kaura Namoda, abin da na fara lura da shi shi ne babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofar aji. Ni kuwa har na tuɓe silifas ɗina na jera su gefe, kamar yadda muke yi a islamiyyar garinmu. Na shiga ba takalmi, 'yan aji suka bi ƙafata da kallo.

Daga wajen Birnin Tsaba muka taso, lokacin da zama ya gagara a ƙauyenmu. An daɗe da rufe makarantarmu, don haka shekaruna sun kai na shiga sakandare, Turancina kuwa bai wuce gaisuwa ba. Irinmu muna da yawa, daga Zurmi, daga Shinkafi. Sai wata ƙungiya ta buɗe mana ajin koyon Turanci da yamma, bayan 'yan gari sun tashi. Sharaɗin ɗaya ne: ƙarshen zango za a zo a gwada mu baki da baki. Wanda ya ci ya shiga aji ɗaya na sakandare, wanda ya faɗi a mayar da shi firamare.

'Yan gari suna kiran ajinmu "ajin bebaye". Ni dai sunan ya dace da ni, don ko da Hausa ban cika magana ba. Ƙawata, wata Bafulatana daga Jangeru, ita ce bakinmu. Ba ta tsoron kuskure. In ta kwaɓa Turanci sai ta riga kowa dariya, ta zungure ni ta ce, "Ke kuma kina ta tara shi a ciki kamar hatsi a rumbu. Yaushe za ki sussuka mu gani?"

Gaskiya ta faɗa, tarawa nake yi. Malamarmu, wata doguwar mata mai alli a gefen hijabi kullum, ita kaɗai ta gane. Takan tsaya a bayana ina karatu ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kin fi su duka, sai dai ba mai ji." A gida ina karanta wa mahaifiyata rubutun jikin gwangwanin madara da buhun shinkafa. Ba ta jin ko kalma, amma sai ta ajiye tsintsiya ta saurara, ta ce wa maƙwabta, "Ɗiyata ta fara yaren asibiti."

Ranar gwaji wani mutum ya zo daga Gusau, ba ya jin Hausa. Aka sa mana benci a baranda, ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Malama ma a waje aka bar ta. Da na shiga na durƙusa na gaishe shi, ya nuna mini kujera. Agogonsa ya yi masa yawa, yana ta zamewa yana mayar da shi. Ya miƙo mini littafi, ya ce in karanta in gaya masa abin da na fahimta.

Labarin wata yarinya ne da akuyarta ta ɓata. Na karanta shi a zuci tun daga farko har ƙarshe, babu kalmar da ta gagare ni. Ina haɗa amsa a raina, kaina a ƙasa, don ba a koya mini kallon idon babba ba. Shirun ya yi masa tsawo. Sai ya ce, "You don't understand?"

Na ji shi sarai. Cewa ya yi ban gane ba, ni kuwa na gane. Da Hausa in an ce miki "ba ki gane ba?" alhali kin gane, ai "a'a" za ki ce. Sai na ɗaga murya iyakar ƙarfina na ce, "No, sir."

Ya nuna layin farko da biro. "You can't read it?"

Wato ba zan iya karantawa ba. Na sake cewa, "No, sir," har da ɗan murmushi, ina gyara zama in fara. Sai kawai ya zare littafin daga hannuna, ya rufe, ya ce a turo na gaba.

Na fito ban san abin da ya faru ba. Malama ta jawo ni gefe ta ce, "Ya na ga kin fito da wuri? Mi ya tambaye ki?" Na maimaita mata komai. Sai ta zauna a kan dakali.

"A Turanci, in kin ce masa a'a a nan, kin yarda ba ki iya ba ke nan," ta ce. "Duk abin da na koya muku, wannan bai taɓa zo mini a rai ba."

Ta jira ya gama, ta bi shi har mota tana yi masa bayani. Ina hango su. Ya saurare ta yana duba agogo, direba kuma yana ta nuna rana, don ba mai son la'asar ta same shi a hanyar Gusau. Ya ce mata zai duba in ya dawo. Bai dawo ba. Zangon da ya biyo baya ƙungiyar ta tattara ta bar garin, aka rufe ajin, Malama ma aka yi mata canjin wurin aiki.

Ƙawata ta ci. Ni aka kai ni aji biyar na firamare, inda na fi kowa tsawo, gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin tebur. Yaran suna ce mini Anti. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina cewa in karanta mata gwangwani, ni ma ban ƙara ɗauka ba.

Yanzu na shiga sakandare, ƙawata tana gab da gama ƙaramar sakandare. Mutane suna cewa ai komai ya wuce. Ni ban ga abin da na koya ba, in ban da cewa mutum zai iya sanin amsa, ya faɗi gaskiya, kuma a rufe littafin. Har yau in tambaya ta zo a juye sai harshena ya yi nauyi, in rasa ko eh ce za ta cece ni ko a'a, in yi shiru har a wuce ni.

Farkon zangon nan aka kawo mana sabon malamin Turanci. Na jira kowa ya fita, na tsaya a bakin teburinsa ina murza gefen hijabina har ya ɗago.

Na ce, "Malam, don Allah in za ka tambaye ni abu, ka ce mini 'kin iya?' Kada ka ce 'ba ki iya ba?'"