Ƙafar da ba ta ji wuta ba

Safiyar yau: wanke ƙafar hagu, sa sabon bandeji, auna sukari kafin shayi.

Na gama. Sai na ce bari in rubuto muku, tunda wata huɗu ke nan ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka aiko saƙo ban amsa ba, ku yafe mini. Sau uku ina fara rubutun nan ina gogewa, don ban tabbata zai amfani kowa ba.

Hoton ƙarshe da na sa, mu uku ne cikin dusar ƙanƙara a duwatsun Tabuk: ni, da Hamza abokina tun firamare a unguwar Tandabawi ta Makka, da Bukari mutumin Damagaram, wanda muke aiki tare a ma'ajiyar otal. Dukanmu ba mu taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji. Muka ɗauki hutun kwana huɗu, muka sauka a wani ƙaramin ƙauye a gindin dutse.

Na rubuta kayan tafiya a littafina kamar yadda na saba: bargo, gawayi, buta, shinkafa, siniyya. Takalmi ne kawai ban rubuta ba. Haihuwar Makka ne ni, buɗaɗɗen takalmi na sani. Na ninka safa biyu na ce ya isa.

Hamza ya zauna cikin siniyyar, babban farantin da muke cin shinkafa, ya sulalo daga kan tudu yana ihu.

"Ya Abu Maryam, ajiye biron nan ka zo ka zama yaro!"

Na je. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

Bayan la'asar Hamza ya hura gawayi, muka miƙe ƙafafu muna shan shayi. Can Bukari ya ce, "Wa ke ƙona tsumma?" Sai ya daka tsalle. "Malam, ƙafarka ce!"

Safar ta narke ta manne da yatsuna. Ban ji komai ba.

Hamza ya ce lalle ni jarumi ne, ni ma har na ji daɗin maganar. Bukari bai yi dariya ba. Ya ce, "Wuta ta ci mutum bai ji ba, wannan ba jarumta ba ce. Haka babana ya fara. In mun koma, ka je a duba jininka."

Ban je ba. Na shafa man goge baki, na koma aiki a tsaye. Tunda ba ciwo, sai na ɗauka ba matsala.

A rana ta tara matata Safiya ta ɗaga bargon, ta ga yadda ƙafar ta kumbura. Ta ce, "Abu Maryam, ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in kira Hajiya yanzu." Ta san ba na musu da mahaifiyata.

Likitan ɗan Sudan ne. Ya yi ta tsira mini tsinke a tafin ƙafa yana tambaya ko ina ji. Ba na ji. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi. Ya ce, "Sukari ya daɗe a jikinka, shekaru, ba watanni ba." Sai ya zana layi da biro a saman idon sawuna. "In kumburin ya wuce nan, za mu yanke ƙafar. Za mu yi ƙoƙari, amma ban yi maka alkawari ba."

Kowace safiya, kafin allura, kafin ƙarin ruwa, layin nan nake fara dubawa. Na ji tsoro ƙwarai. Ba na so in ɓoye muku wannan.

Na sa Safiya ta kawo mini tsofaffin littattafaina. Komai yana ciki da hannuna: ƙishirwa, yawan fitsari, gajiya bayan azahar. A gefen kowanne na rubuta, "wataƙila zafin gari ne." Na lura da komai, ban yarda da kaina ba.

Hamza kullum yana zuwa, amma ba ya shigowa. Ya ba Safiya abinci a bakin ƙofa ya juya. Rana ta huɗu a asibiti na ce ta jawo mini shi. Ya tsaya kansa a ƙasa.

"Ni na hura wutar nan, ya akhi."

Na gaya masa abin da likita ya ce: wutar ba ta kawo ciwon ba, tona shi ta yi. Ya zauna bakin gado ya rufe fuska da hannu. Can ya ɗago ya ce, "To wa ya ce ka zo ƙanƙara da takalmin zuwa masallaci?"

A rana ta shida a asibiti kumburin ya tsaya, saura kamar faɗin ɗan yatsa ya taɓa layin. Washegari ya fara ja da baya. An cire ƙananan yatsu biyu, aka bar mini ƙafata. Inshorar aiki ta ɗauki tiyatar, bandeji da kayan awon sukari kuma a kanmu suke, kuma ba arha.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Safiya, da Hajiya da ba ta gaji da addu'a ba, da Bukari da ya faɗi gaskiya lokacin da muke dariya.

Ni ba likita ba ne. Amma in ka fara manyanta kamar ni, ka auna sukari ko lafiyarka ƙalau. Ka riƙa duba tafin ƙafarka, ko da madubi ne. Ƙuna ko rauni da ba ya ciwo, shi ne abin tsoro. Kada ka shafa masa komai, ka tafi asibiti a ranar.

Na gobe, in sha Allahu:

- Karɓo magani a unguwar Shisha.
- Kiran shugaban ma'ajiya kan aikin zaune. Ban san yadda zan fara ba.
- Raka Hamza awon sukari. Ya ce shi tsoron allura yake.
- Sallar azahar a masallacin unguwa, da ƙafata, ba sanda.