Ranar da Baffa Ya Ci Tumu

Jiya yarana suka gasa tumu a tsakar gida. Da ƙamshin ɗanyen geron nan a kan garwashi ya bugi hancina, sai na kama dariya ni kaɗai. Suka ce, "Mama, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau, Baffa na tuna. Ku ma ku matso ku ji, don labarin nan in na fara shi ba na iya tsayawa.

A wata 'yar unguwa muka tashi a gefen Nariya, gidajen Kirista kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, rijiya ɗaya muke ja. Baffa ƙanin mahaifina ne. Tun ban yi wayo ba, wata rana ya sha burkutu ya yi tatul, suka yi cacar baki da kakanmu, wanda muke kira Tsoho, sai ya zari bakin wuta ya cilla kan rumbu. Geron shekara ya ƙone ƙurmus, gidanmu ya sha yunwa a daminar nan. Dattawan coci suka sa shi a horo, wato ya koma bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji sai an ga tubarsa.

To, ya tuba kuwa. Ya bar giya, ya gina sabon rumbu da hannunsa. Dattawa suka ɗage horon, Tsoho ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma Baffa ya ƙi tashi daga bencin nan. Na yi wayo na same shi a can, na fara zama budurwa yana can, kai a sunkuye. Kuma da zarar mun sa tumu a wuta, sai ya miƙe shiru ya bi ta bayan gida. Ƙamshin rumbun yake ji.

Shekarar da soja suka sauka, samari suka cika hanyar Rano zuwa Kibiya da babura suna ihun 'yanci ya zo. Baffa ko leƙe bai yi ba. Da Shari'a ta zo aka rufe wuraren giya, maƙwabcinmu Malam, mutumin kirki, ya ce wa Tsoho, "Yanzu ɗanka ya huta, an kawar da abin da ya ɗaure shi." Tsoho ya girgiza kai ya ce, "Malam, ɗaurin ba a tukunya yake ba, a ƙirji yake."

Daminar wannan shekarar tana ƙarewa Baffa ya ce da an gama girbi zai tafi Kurmi, ba zai dawo ba. Har ya yi magana da wani direban babbar mota a Rano. Kakarmu ta daina cin abinci.

Sai ga Lahadin godiyar girbi. Wayyo, da kun ga cocin nan! Damman gero jibge a gaba, kabewa, gyaɗa, kaji da ƙafafu a ɗaure suna ta kuka. Mata suna buga tuluna, ƙasa har rawa take yi. Tsoho ya shigo yana dogara sanda, maimakon ya nufi kujerar dattawa sai ya juya, ƙwas, ƙwas, har bencin baya. Ya zauna kusa da Baffa, ya sa hannu a aljihu, ya zaro tumu. Da ɗuminsa! Ƙamshi ya cika ɗakin, waƙa ta mutu a bakin mata, Fasto ma ya tsaya baki buɗe.

Baffa ya zabura zai tashi, Tsoho ya riƙe masa riga.

"Zauna, ɗan nema. Wutar nan Yesu ya kashe ta tun a kan gicciye. Kai kaɗai ka rage kana hura ta. Ko jininsa bai kai rumbuna daraja ba ne?"

"Baba, na sa ku yunwa."

"Ka sa. An kuma yafe. Ci, kafin ya huce."

Baffa ya miƙa hannu ya karɓa. Ya murza a tafi, ya hure, ya watsa a baki, hawaye na bin gemu. Sai ya miƙe tsaye, a ranar na san ashe dogo ne. Kakarmu ta rangaɗa guɗar da har gobe ina jin ta a kunnena, tuluna suka ɗauka, Baffa ya ratsa tsakiyar coci har gaba yana rawa, baki cike da gero, Tsoho na biye yana kaɗa sanda. Mu yara muka hau benci muna tsalle, ba wanda ya kwaɓe mu. Direban nan ya gaji da jira ya tafi abinsa.

Yanzu cocin ya zama na siminti, kujerun roba ne, bencin nan an daɗe da yin makamashi da shi. Amma ina ganin mutane da kaya masu kyau a sahun gaba, in ka dubi idonsu sai ka ga har yanzu a bencin baya suke zaune, Allah ya yafe musu kuma sun ƙi tashi. Da ina da hali, da kowa na miƙa masa tumu.

Baffa yana nan a Nariya, ba haƙori ko ɗaya. Duk shekara tumun farko nasa ne, da dasashi yake fama da shi, kuma kaiton jikan da ya riga shi.