Mil Uku Zuwa, Mil Uku Dawowa

Ana sallame sallar asuba muka bar Nima, ni da 'yata mai shekara bakwai da wata abokiyar aikina da muke koyarwa tare a Maamobi. Koforidua muka nufa, gasar gudun malaman makaranta. Tun da na dawo kuke tare ni a lungu kuna tambaya ko na ciwo kofi. Kofi ɗaya na gani a tafiyar nan, shi ne direbanmu, sunansa ke nan. Ga yadda aka yi, kowa ya ji sau ɗaya in huta.

Da farko ban yi niyyar zuwa da yarinyar ba. Wata huɗu ina shiri: in idar da salla, in sa dogon wando in ɗaure ɗankwali, in gangara ta wajen Kasuwar Malam Atta kafin masu tumatir su baje kaya, in dawo in ɗebo ruwa, in yi mata wanka mu tafi makaranta. Kullum na dawo sai in tarar ta yi kuka, ta ƙi koko ta ƙi ƙosai. Na ɗauka rigimar yara ce. Ana saura kwana uku mahaifiyata ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kin san abin da jikata ta tambaye ni? Wai in kin gama koyon gudun, ke ma Agege za ki?"

Sai da na nemi wuri na zauna. Kun san unguwarmu, namijin da ya tafi Legas neman aiki ba a cewa ya yi tafiya, cewa ake ya gudu Agege. Babanta shekara biyu ke nan da tafiya, wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru. Maganar da take ji ke nan a bakin famfo, wai babanta ya gudu. Ashe duk asubar da na fita, ita a ganinta shirin barinta nake yi. Na yi mata bayani ta ce to, amma irin to ɗin da yaro ke faɗa don babba ya ƙyale shi. Nan na ce a haɗa mata kaya, gara ta je ta gani da idonta.

Motar katako muka samu, mai benci, kuma an ƙara kuɗin mota har wata tsohuwa ta rantse ba za ta biya wa kajinta ba. Daga Achimota zuwa Nsawam ramuka sun fi kwalta yawa, in an faɗa ɗaya sai kowa ya ambaci sunan Allah da yarensa. A Nsawam masu burodi suka rufe motar ta ko'ina, na sayi guda da soyayyar doya da barkono. 'Yata tana ci da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da gefen zanina, haka muka yi ta tafiya. Da muka shiga daji na nuna mata gonakin koko, ta leƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ina gonar ƙosai?" Motar duka aka kwashe da dariya, ita ma ta ɗan yi murmushi, na farko a ranar.

A Zangon Koforidua muka sauka, gidan gwaggon abokiyata. Gari ne mai sanyi, dutse na tsaye a bayansa, kuma mutanen kirki ne. An yi mana tuwo da miyar ayoyo, gwaggo tana ta ƙara mini wai mai gudu ba ya rowar ciki, ni kuwa ina tsoron nauyinsa gobe. Da yamma tsohon sojan da ke horar da mu masu gudun ya zo ya duba ƙafafunmu. Shi a Hausarsa mace ma "kai" ce. Ya ce, "Tisha, gobe sauke kafaɗa. Kai kana gudu kamar bokiti na bisa kanka." Gaskiyarsa. Wuyana ya saba da ɗaukar ruwa, in na gaji sai ya sandare, kafaɗu su hau kunne.

Da safe mata goma sha ɗaya muka jeru a filin wata makaranta. Tsarin mai sauƙi ne: mil uku a kan titi har inda aka ajiye duro, a ɗaura maka jan zare a hannu shaidar ka isa, ka juyo. Wadda ta gaza, akwai mota a baya da za ta ɗauke ta ta bi wata hanya zuwa asibiti. Na durƙusa gaban 'yata na nuna mata kwanar da ke gindin wani mangwaro. Na ce, "Ta can zan ɓace, ta can zan fito." Ta saki hannuna yatsa ɗaya-ɗaya, ta koma jikin abokiyata.

Aka busa usur, ni kuma na yi wautar da aka hana ni. Na bi 'yan matan da ba su daɗe da fitowa daga kwaleji ba, waɗanda ba su taɓa goyo ba. Mil na farko daɗi, mutane a bakin hanya suna ihu da yarensu na Tuwi, "Kɔ! Kɔ!", wato tafi. A na biyu tudu ya fara, ya ƙi ƙarewa. Ko da na isa duro aka ɗaura mini zaren, haƙarƙarina na dama ya riƙe kamar ana soka mini tsinke. Na yi gudu, na yi tafiya, na dafa gwiwa. Motar ta matso gefena a hankali, mata biyu na zaune a ciki suna shan ruwa, direban ya ce, "Madam, hau mana."

Wallahi na kusa hawa. Har na miƙa hannu, sai na tuna motar nan ba ta bi ta gindin mangwaro. In na shiga, kowa zai fito ta kwanar nan ban da ni, kuma babu bayanin da zai gyara wannan. Na girgiza masa kai. Na sauke kafaɗa, na rage faɗin taku, ina shaƙa taku biyu ina fesarwa taku biyu, idona a kan ƙasa gabana kaɗan. Ban taɓa yin gudu marar kyan gani irin wannan ba, kuma ban taɓa jin tsoron tsayawa haka ba.

Abokiyata ce ta ba ni labarin abin da ya faru a fili. Wai tun farko 'yata ta yi wa wani bawan Allah tsawa don yana ce mini in tafi. Da aka fara dawowa tana ƙirga mata ɗaya-ɗaya, daga ta shida ta daina kallo, ta cusa fuska cikin zanen abokiyata. Da na ɓullo sai da aka juyo da kanta da hannu. Ni dai abin da na gani, wata 'yar mitsitsiya ta ratsa igiya ta nufo ni a guje, alƙalai na busa usur. Tare muka ƙetare layi, ita tana jana. Na zo ta tara, bayan an ɗan yi gardama ko an taimake ni. An taimake ni mana.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Suhum, tana wasa da zaren hannuna ta ce, "Mma, wannan na mene ne?"

"Shaida ce na kai wurin juyawa."

Can ta ce, "Shi Baba, nasa gudun ba shi da wurin juyawa?"

Na so in ce yana da shi, amma ba a ranar da ta fara yarda da maganata zan yi mata ƙarya ba. Na ce, "Ban sani ba, uwata. Nawa dai yana da shi." Ta ɗora kai a cinyata, ba ta farka ba sai da muka shigo Nima ana kiran la'asar.

Abin da na koyo, na farko kada uwa ta bi takun 'yan mata a mil na farko. Na biyu, wata huɗu ina lura da numfashina da kafaɗata, ban taɓa tambayar abin da yarinyar da na bari a ɗaki take ji ba, kuma har yanzu ina jin kunyar wannan. Cinyoyina sun yi kwana uku suna ciwo. Ran na huɗu ina ɗaure igiyar takalmi na ji muryarta daga kan tabarma.

"Mma, ina za ki juya yau?"

"Kawukudi."

"To, ki gaishe su," ta ce, ta ja zane ta rufe kai.