Filafilin da Na Sa a Wuta

Ran nan akwai ni, akwai maigidana, da ƙanensa mai kunne ɗaya, da autata, sai mijinta da ke koyarwa a Yelwa. Muna gindin banda ina juya tarwaɗa.

Surukin nan nawa ya ci ya ƙoshi, sai ya ɗauko labarin wani tsohon littafin Turawa. Wai an ga wani gini can sararin sama wanda ba ɗan Adam ya yi shi ba, duk wanda ya shiga sai dai gawarsa, kuma maza na ta rububin shiga don su san abin da ke ciki.

Ni ba labarin nake saurare ba, fuskar maigida nake kallo. Akwai wani ƙarfe a ƙasan ruwa wajen Ngaski da ke yayyaga mana taru, ba wanda ya san ko mene ne. Tsohon nan kuwa ko buta ya sunkuya ɗauka sai ya yi nishi, amma na ga ya gyara zama yana shafa gwiwa.

Ya ce, "Malam, na cikin littafin, akwai wanda ya kai ƙarshe?"

"Akwai, Baba, amma..."

"To gobe in an yi asuba zan nutsa in taɓo namu."

Ƙanensa ya ce shi zai riƙe igiya. Mutumin da in kana ihu ta hagunsa murmushi yake maka.

Suruki ba a yi masa faɗa, da kunya. Sai na juya wajen autata na ɗaga murya na ce, "Ke, tambayi wasu mutane, matan waɗanda suka mutu a littafin, wa ya ci da su lokacin takaba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce wa matarsa, "Ki gaya wa Inna ba a rubuta wannan ba."

Na ce, "Gaya musu a nan za a rubuta, gidansu zan tare da tabarmata."

Nan take ya shiga rantsuwa cewa littafin ƙarya ne tun daga bango. Maigida ya ce ai shi ƙarfenmu gaskiya ne, ya tashi ya jingina filafilin tuƙa kwalekwalensa a bakin ƙofa.

Da asuba, yana masallaci, na ɗauki gatari na faskara filafilin, na haɗa da na ƙanensa, na hura banda da su. Da ya dawo yana dube-dube na miƙa masa kifi mai zafi na ce ya ci, itacen mai kyau ne.