Kifin da Ya Ci Mana Ƙuli-ƙuli

A zafin Dubai har kifi ƙiwa yake yi. Ranar hutu muka baro unguwar Al Kuz da sassafe, ni da abokin ɗakina ɗan Zangon Kumasi, muka zauna kan duwatsun bakin teku muna fatsa. Har rana ta take, babu kifin da ya taɓa ƙugiya.

"Yalla, Malam, mu tafi," in ji shi. "Sun nutse ƙasa neman sanyi."

Raina ya ɓaci. Ni da na tashi a bakin dam ɗin Tiga, kifi ne zai kore ni? Na tuna yadda kawuna yake cuɗa dusa da laka ya jefa ruwa, ƙanshi ya tara su. Dusa babu, sai ƙuli-ƙulin guzurinmu. Na daka shi da dutse, na cuɗa da jiƙaƙƙen yashi, na dunƙula na jefa.

Ba a jima ba sandar fatsata ta lanƙwashe. Na ja, ya ja, har zaren ya yanke ni a yatsa, sannan na fito da ƙaton kifin da ake kira hamur.

Abokina ya dubi ledar ƙuli-ƙulin da na zazzage. "To, yanzu me za mu ci?"

Na ɗaga kifin sama. "Wanda ya ci mana ƙuli-ƙuli."