Anti Juliana, Mai Tsaron Ƙofar Nazare

Gwiwoyin zaninta na fara lura da su. Kullum da ƙura a wurin, domin Anti Juliana ba ta magana da yaro a tsaye, sai ta durƙusa idonta ya daidaita da nasa. Haka take tarbar yara kowace safiya a ƙofar wata ƙaramar makarantar nazare da ke Nasarawa, kudu da kogin Kaduna. A ƙarshen zangon nan ta ajiye aiki, za ta koma gonarta a Kakau. Tun da na ji labarin hankalina bai kwanta ba.

Tana da wata ƙa'ida. Ranar da aka kawo yaro, sai uba ko uwa su zo da duk wanda suka yarda ya riƙa ɗaukarsa, ta gan shi ido da ido. Wanda ba ta gani ba, ba ta ba shi yaro. Ni kaina ta hana ni Asabe, 'yar yayana Shehu, ranar da na fara zuwa.

"Kamarku ɗaya, na gani," in ji ta. "Amma je ki zo da babanta, 'yata."

Kunya ta hana ni musu, na juya.

Ba ta taɓa faɗin laifin yaro a bakin ƙofa ba. In yaro ya yi fitsari a wando, ko ta ga shatin bulala a bayansa, gefe take jan uwar su yi magana ƙasa-ƙasa. Iyaye sun yi ta bugun cikinta kan 'ya'yan maƙwabta, ba su samu komai ba.

Ranar da rikicin shekarar dubu biyu ya ɓarke, hayaƙi na tashi, iyaye na zuwa a guje, wani mutum ya tsaya da mota. Ya ce shi maƙwabcin Ikechukwu ne, bakaniken Kakuri, ya zo ɗaukar Ifunanya, 'yar Ikechukwun. Malama Esther, wadda take sabuwa a lokacin, ita ta ba ni labarin.

"Madam, gari na cin wuta, ke kina maganar doka?"

"Oga, ban san fuskarka ba," in ji Anti.

"To ki tambayi yarinyar mana!"

"Yarinya ce. Ko alewa ka nuna mata za ta ce ta san ka."

Ya zage ta, ya ja motarsa. Ta kulle ƙofa, ta tara sauran yaran a aji guda, ta sa su waƙa don kada su ji abin da ke faruwa a waje. Sai bayan la'asar Ikechukwu ya iso a ƙafa, ya yi mata faɗa sosai, domin mutumin maƙwabcinsa ne da gaske. Ba ta kare kanta ba, ta ce ya yi haƙuri. Har yau akwai masu cewa ta yi kuskure. Ni dai abin da na sani, Asabenmu tana cikin ajin nan da ɗan hijabinta, a ranar da sunan mutum kaɗai kan ja masa mutuwa, kuma babu wanda ya fita da ita sai ubanta.

Anti, ke ce ƙyauren da tsawa ba ta buɗewa. Ke kika riƙe 'ya'yan masallaci da na coci a tabarma ɗaya, sa'ad da manya ke kwashe kaya suna tsallaka gada. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar noma.

Abin da ke damuna shi ne bayanki. Yanzu iyaye da yawa ɗan acaba suke turowa, yau wannan, gobe wancan, har wasu na cewa a sassauta. Malamai, don Allah kada ku sassauta. Iyaye, mu daure mu kai fuskar da muka yarda da ita, ba ya cin lokaci.

Ranar walimar sallamarta, ana cikin jawabi aka kaɗa ƙararrawar tashi. Wani ɗan acaba ya leƙo, ya ce sunansa Benson, an aiko shi ɗaukar wani yaro. Malama Esther ce a ƙofa. Na ga ta dafa sakata, ta waiwayo tana neman Anti. Anti ba ta motsa daga kujerarta ba.

"Haba Malama, sauri nake, fasinja na jira!"

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," in ji Esther, muryarta can ƙasa. "Ban san ka ba. Je ka zo da mamansa."

Ya yi tsaki, ya tayar da babur. Shugaban iyaye ya ci gaba da jawabinsa. Anti Juliana ta ɗauki jakarta, ta bi ta bayan kujeru, ta fita ta ƙaramar ƙofa.