Kuɗin da Ba Su Isa Masar Ba

Ƙanwata ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda kafin likitoci a Kano su ce sai dai a fita da ita waje. Mijinta mai sayar da taki ne a Kabo. Ya sayar da abin da ya mallaka, ya kai ta Masar, shi ne ma zai ba ta ƙodarsa. Gwaje-gwaje da wankin ƙoda suka cinye guzirinsu tun ba a kai ga aikin ba. Sai Baba ya kora shanunsa kasuwa, har da na huɗa, ga damina ta kawo kai. Da yake ni ne malamin makaranta a gidan, ni aka ɗora wa aika kuɗin.

Na hau babur daga ƙauyenmu na wajen Gammo zuwa Gwarzo. Ma'aikaciyar banki ta saurare ni da kyau, sannan ta ce, "Malam, lambar asusun asibiti kaɗai ba ta isa ba. Kowane banki a duniya da tasa lambar shaida, yawanci haruffa ne a jere. Da ita ake gane bankin da kuɗi za su sauka."

Na kira mijin. Shi ma bai taɓa jin labarinta ba. Ya tambayi tafintan da ke yi musu jagora a asibitin, tafinta ya turo haruffan ta waya. Na miƙa, aka aika, aka ce in ba su 'yan kwanaki.

Kwanaki suka wuce, asibiti suka ce ba su ga komai ba. Na koma Gwarzo. Aka ce kuɗin sun bar ƙasar nan, sun maƙale a wani banki na tsakani a wata ƙasa dabam. Da aka tsananta bincike sai aka gano bankin asibitin ya haɗe da wani, an sauya masa lamba. Shi kuwa tafinta tsohuwar lambar ya sani. Na ce to a gyara mana. Aka ce sai an rubuta wa na can, sai kuma na can sun amsa.

Haka na yi ta zarya a cikin ruwa da taɓo. Duk na dawo, Baba yana zaune a ƙofar gida yana jirana.

"Sun tafi?"

"Sun tafi, Baba."

"Sun isa?"

"Ba su isa ba."

"To suna hannun wa? Faɗa mini mutumin, in je da kaina in roƙe shi."

Na rasa yadda zan gaya masa babu wani mutum ɗaya da za a durƙusa wa. Mun nemi wata hanyar aikawa, amma babu sauran abin sayarwa a gidan.

Wata Juma'a ƙanwata ta kira ni, muryarta a dushe. Ta ce, "Yaya, ranar aikin da aka sa mini an ba wani." Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi yaranta, ta tambaya ko gero ya fara fitar da kai. Na ce mata kuɗi suna hanya. Ta ce, "Allah ya kawo su."

Ba ta ga kaka ba. A can aka yi mata sutura, cikinmu babu wanda ya san kabarinta sai mijinta.

Bayan an watse daga zaman makoki, banki suka kira ni: kuɗin sun dawo, an zaftare ladan kowane bankin da suka ratsa. Ma'aikaciyar ta ce in yi haƙuri, ta kasa ɗago kai ta dube ni. Da na gaya wa Baba, bai tambayi abin da ya rage ba. Ya ce a ajiye wa marayunta, ya tashi ya shiga ɗaki.

Mijin ya dawo a rame, da jakar ƙanwata a hannu. Inna ta buɗe a tsakar gida: zannuwa, carbi, ragowar magani, da wasu ƙananan takalma da ta saya wa autarta. Aka gwada wa yarinyar, sun yi mata kaɗan.